Yadda ake haɗa kabaid ɗin baƙin ƙarfe da alminiyum ta hanyar niƙa gari, da yadda ake tabbatar da shi

Mai zuba tukwanen alminiyum a Gusau ko Birnin Kebbi hanya ɗaya ya sani ta haɗa ƙarafa: a hura wuta, a narkar, a zuba. Wannan hanya tana wahalarwa idan baƙin ƙarfe da alminiyum da kabon ake so su zama abu guda. Alminiyum yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Salshiyas, baƙin ƙarfe kuwa sai zafi ya kai 1538. Kafin ɗaya ya yi laushi, ɗayan ya daɗe da zama ruwa, ya taso sama saboda rashin nauyi, ya fara shan iskar oksijin. Hanya ta biyu ba ta buƙatar narkarwa. Ana zuba garin ƙarafan a tukunyar ƙarfe tare da ƙwallaye masu tauri, inji ya yi ta wujijjiga su awa da awanni, har ƙwayoyin zarra na wannan su kutsa cikin na wancan. John Benjamin da abokan aikinsa a kamfanin INCO ne suka fito da dabarar wajen 1966, don haɗa ƙarafan nikel masu jure zafi.

Wannan bayani na ɗalibai ne da masu kula da ɗakunan gwaji, irin na Ƙauran Namoda da Talatar Mafara da Aliero da Birnin Kebbi, waɗanda ke da injin niƙa ko suke da hanyar samunsa. Kabon shi ne mafi ƙanƙanta a awo cikin kayan uku, kuma shi ne ya fi rikitar da aikin, don haka a kowane mataki za mu riƙa tambayar inda yake.

Abin da ake nema

Sunansa kabaid na kappa (kabaid shi ne haɗin ƙarfe da kabon), ana rubuta shi Fe3AlC, wato ƙwayoyin zarra uku na baƙin ƙarfe, ɗaya ta alminiyum, ɗaya ta kabon. Ba shi da dangantaka da kabaid ɗin masu walda da masu nunar da ayaba, wancan na kalsiyam ne. Ka ɗauki dunƙulen magi a zuciyarka: alminiyum yana zaune a kusurwoyi takwas, baƙin ƙarfe a tsakiyar kowace fuska daga cikin shida, kabon kuma a can cikin cibiya. Tsawon gefen wannan dunƙule yana tsakanin nanomita 0.375 da 0.378 (nanomita ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na milimita), yana ƙaruwa gwargwadon yawan kabon da ya shiga. A aikace kabon ba ya cika duk cibiyoyin. Binciken da Palm da Inden suka wallafa a 1995 kan tsarin ƙarfe da alminiyum da kabon ya nuna kappa tana tsayawa ne da kabon ƙasa da cikakken lissafi. Wanda ya auna kabon cif-cif na Fe3AlC zai tarar da ragowar girafait, wato kabon zalla, a samfurinsa bayan an gasa shi a tanderu. Shi ya sa ya fi kyau mai farawa ya nufi Fe3AlC0.5, wato mai rabin wannan kabon.

Amfaninsa kuwa, haɗin ƙarfe da alminiyum yana yin fatar alumina (haɗin alminiyum da oksijin) siririya da ke kare shi daga tsatsa a wuta mai tsanani, ga rashin nauyi, ga arahar kayan haɗi. Aibinsa gautsi ne: danshin iska yana haɗuwa da alminiyum ya saki haidurojin, haidurojin ya kutsa ya sa shi tsagewa. Ƙwayoyin kappa da suka watsu a ciki suna ƙara masa ƙarfi, suna rage wa haidurojin gudu. Irin wannan kabaid ne kuma ke ƙarfafa ƙarfen nan mara nauyi mai manganis da alminiyum da ake bincike a kansa don jikin mota.

Kayan aiki

Injin da ya dace shi ne mai faifai, wanda tukunya ke juyawa a kan kanta ta wata fuska, faifan da ke ɗauke da ita yana juyawa ta ɗaya fuskar, kamar na Fritsch ko Retsch. Akwai kuma mai girgiza irin SPEX 8000, ya fi sauri amma gram kaɗan yake ɗauka. Gangar niƙan dutse da masu haƙar zinariya ke amfani da ita ba za ta yi ba. Ƙwallayenta faɗowa kawai suke yi da nauyinsu, bugun bai kai ya haɗa ƙarfe ba, kuma duk injin da ya taɓa niƙa dutsen ma'adini yana iya ɗauke da dalma. Bayan abin da ƙurar dalma ta yi wa yara a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010, babu mai buƙatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Tukunya ta zama ta ƙarfe mai tauri, mai cin mililita 250, da robar murfi lafiyayya. Ƙwallaye su ma na ƙarfe mai tauri, irin na boris, faɗin milimita 10. Dalilin zaɓen ƙarfe shi ne duk abin da ya goge daga jikinsu baƙin ƙarfe ne, wanda dama yana cikin haɗin. Tukunyar tongistin kabaid tana zubar da tongistin da kobal da ƙarin kabon, ta dutsen agat kuma tana zubar da silika, sinadarin yashi, ba ta ma jure bugun. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa tana ƙara kuromiyam da nikel, waɗanda ke iya haifar da wani tsari mai kama da kappa a sakamako, ya ruɗe ka.

Garin baƙin ƙarfe da na alminiyum su kai tsarkin kashi 99.5 cikin ɗari ko fiye, girman ƙwayarsu tsakanin maikuron 45 da 150 (maikuron dubu ne ke yin milimita ɗaya). Kada a sayi alminiyum mai laushi ƙwarai, kuma kada a taɓa amfani da hodar fenti mai walƙiya: tana da maiƙo a jiki, tana da fatar oksaid mai yawa, tana kuma saurin kamawa da wuta. Garin ƙarfen da ya yi ja-ja, a ajiye shi gefe. Tsatsa da alminiyum idan suka haɗu a ƙarƙashin bugu suna iya tashi da zafin da zai lalata tukunya, ko ba su tashi ba sun cinye alminiyum ɗinka sun mai da shi alumina. Kabon kuma garin girafait ne mai tsarki. Gawayi yana da toka da danshi, bakin fensir kuma da yumɓu ake haɗa shi.

Sai silindar iskar agon, wadda ba ta haɗuwa da ƙarafa, don kare gari daga iskar waje. A nan a yi hattara da wadda ake samu wurin masu walda, domin wasu silindun gauraye ne da iskar kabon dayoksaid. A karanta takardar jikinta, a nemi mai tsarkin 99.99 ko sama. Sauran kaya: sikeli mai auna har 0.001 na gram, akwatin safar hannu ko jakar leda mai safar hannu da ake cikawa da agon, ƙananan kwalabe masu murfi, silika jel, bokitin busasshen yashi, takunkumin hanci mai tace ƙura, da tabarau.

Awo

Nauyin ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe 55.845 ne, ta alminiyum 26.982, ta kabon 12.011. Ga Fe3AlC0.5, uku sau 55.845 ya ba da 167.535, a tara da 26.982 da 6.006, jimla 200.523. Kenan baƙin ƙarfe kashi 83.55 cikin ɗari, alminiyum 13.46, kabon 2.99. A lodin gram 20, za a auna ƙarfe gram 16.71, alminiyum gram 2.69, girafait gram 0.60. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ɗaukar lambobin 3 da 1 da 0.5 na Fe3AlC0.5 a matsayin nauyi, alhali ƙidayar ƙwayoyin zarra ce.

Nauyin ƙwallaye ya ninka na gari sau goma, wato gram 200. Ƙwallon ƙarfe mai milimita 10 yana da nauyin gram 4 da ɗan ɗoriya, don haka ƙwallaye 49 ko 50 ne. Idan an zuba su da gari, kusan rabin tukunya ko fiye ya kasance fili, domin ƙwallon da bai sami wurin gudu ba ba ya bugu.

Yanzu ga inda kabon ke shigowa ta bayan gida. Alminiyum yana da laushi, yana son manne wa ƙwallaye da bangon tukunya, shi ya sa aka saba zuba ɗan sitiyarik asid, kashi 1 ko 2 cikin ɗari, don hana mannewa. To amma kashi 76 cikin ɗari na nauyin wannan asid kabon ne. Kashi 1 na gram 20 shi ne gram 0.2, wanda ke ɗauke da kabon kusan gram 0.15, rubu'in duk abin da ka auna. Niƙa tana farfasa shi, kabon ɗinsa da oksijin ɗinsa su shige cikin gari. Mutane sun sha samun kappa a haɗin ƙarfe da alminiyum zalla da ba su zuba wa girafait ba, kuma daga nan ta fito. Shawara mafi kyau ita ce a fara ba tare da shi ba, tunda girafait kansa yana da santsi, yana yin wannan aikin a awannin farko. Idan mannewa ta yi yawa har dole sai an sa, a sa kashi 0.5, a rage girafait da gram 0.076, a rubuta a littafi. Itanol da hekzen su ma haka suke, kabon ne a cikinsu.

Lodi da niƙa

A wanke tukunya da ƙwallaye da itanol, a busar da su sarai, a auna ƙwallayen gaba ɗaya a rubuta nauyinsu. Idan sababbi ne, a fara niƙa ɗan haɗi iri ɗaya na awa biyu ko uku a zubar, don ya yi musu riga. Wannan riga tana rage gogewar ƙarfe a lodin gaske.

A shigar da komai cikin jakar safar hannu, a cika ta da agon, a matse ta fita, a maimaita sau uku. A ciki za a zuba gari, a rufe murfi, a ɗaure. Wanda ya rufe tukunya a sararin ɗaki ya kulle oksijin da naitirojin tare da garinsa, kuma kowane sabon ɓangaren alminiyum da ƙwallo ya fasa zai sha su nan take. Lokacin hunturu a rufe tagogi, domin ƙurar da ke sauka a kan teburi yashi ce, za ta fito a sakamako. Da damina kuma, musamman a Agusta, a busar da girafait da garin ƙarfe a tanderu mai digiri 100 zuwa 110 na awa ɗaya kafin awo, a bar su su huce cikin rufaffen mazubi mai silika jel.

A ɗaure tukunya a inji da kyau. Idan mai gurbi ɗaya ne a daidaita nauyin da ke kishiyarta, idan mai gurbi biyu ko huɗu ne a sa tukunya mai nauyi iri ɗaya a ɗaya gefen. Gudun juyi 250 zuwa 300 a minti ya isa. A saita shi ya yi minti 15 yana niƙa, minti 15 yana hutawa, yana sauya fuskar juyi bayan kowane hutu. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Birnin Kebbi da Gusau ke haura digiri 40, a tsawaita hutun ko a mai da aikin dare. Tukunyar da hannu ba ya iya daɗewa a kanta ta yi zafi da yawa: robar murfi za ta saki, iska ta shiga, gari kuma ya dunƙule a bango. Awannin da ake ƙirgawa na niƙa ne zalla, ban da hutu, saboda haka awa 40 na nufin fiye da kwana uku a kan inji. Ɗaukewar wuta ba ta ɓata lodi muddin murfi na rufe, amma wasu injinan suna mance ƙidayarsu, don haka a riƙa rubuta awannin da hannu.

Abin da ke faruwa a ciki ya yi kama da kirɓin fura. Da farko bugu yana baje ƙwayoyin su zama fale-fale. Sannan su manne da juna ba tare da wuta ba, su zama dunƙule mai hawa-hawa, ƙarfe a kan alminiyum a kan ƙarfe, girafait a tsakani. A wannan lokaci gari yana ƙara girma maimakon ya ragu, kuma wannan ba matsala ba ce. Da bugu ya ci gaba sai dunƙulen ya taurare, ya fara karyewa, ya sake mannewa, hawa-hawan suna ƙara sirancewa har su ɓace. Daga nan alminiyum ya narke cikin tsarin baƙin ƙarfe alhali komai busasshe ne.

A ɗebi samfuri bayan awa 1, 5, 10, 20 da 40, rabin gram kowane lokaci, a cikin agon. Ɗiba fiye da haka yana canza ma'aunin ƙwallo da gari. Idan an buɗe aka tarar gari ya zama ɓawo mai tauri a gindin tukunya, ƙwallaye na yawo a kansa, niƙa ta tsaya tun tuni. A kankare shi da cokalin ƙarfe, a rage gudu, a gauraya ƙwallaye masu milimita 5 da na 10 don su daina bin hanya ɗaya.

Buɗe tukunya

Nan ne wurin da ake jin rauni. Garin da aka niƙa awa 20 ko 40 yana da sabuwar fuska mai yawa da ba ta taɓa ganin iska ba, yana iya yin ja ya kama da kansa da zarar an ɗaga murfi. A bar tukunya ta huce awanni, ya fi kyau ta kwana. A buɗe ta cikin jakar agon, ana sassauta murfi a hankali saboda iskar da ta taru a ciki. Sannan a bar iskar waje ta riƙa shiga jakar kaɗan-kaɗan cikin awanni da yawa, don garin ya yi siririyar fata ba tare da ya ɗau zafi ba. Idan ya kama, a rufe shi da busasshen yashi ko a yi amfani da abin kashe gobara na rukunin D, wato na gobarar ƙarfe. Kada a zuba ruwa, domin alminiyum mai zafi yana fasa ruwa ya saki haidurojin. Abin kashe gobara mai kabon dayoksaid shi ma bai dace ba. Ragowar gari ba a share ta da tsintsiya, ba a zuƙe ta da inji, ba a zuba ta a kwandon shara tare da takardu.

Bayan an gama, a goge ƙwallaye a sake auna su. Abin da suka rasa ya shiga garinka. Gram 0.4 a lodin gram 20 ƙarin ƙarfe ne na kashi 2 cikin ɗari, ya kamata ya shiga lissafi.

Gashi

Galibi niƙa kaɗai ba ta ba da kappa mai tsari. Abin da take bayarwa shi ne ƙarfe mai ƙananan kiristal, wanda ya sha alminiyum, kabon kuma wani ya shiga ciki, wani ya maƙale a iyakokin ƙwayoyi. Zafi ne ke ba kowa damar komawa mazauninsa. Idan akwai na'urar DSC, mai auna zafin da samfuri ke sha ko saki yayin da ake ɗumama shi, a fara ɗora miligram 20 zuwa 30 a cikin agon, ana ƙara digiri 10 a minti, a ga inda samfurin ke sakin zafi. Waɗannan wurare su ne za su nuna zafin da ya kamata a gasa.

Idan babu, a raba garin awa 40 kashi uku, a gasa ɗaya a digiri 600, ɗaya a 800, ɗaya a 1000, kowanne awa ɗaya. A danne garin ya zama ɗan ƙwaya kafin a sa, domin dunƙule ya fi sakakken gari jure iska. A ɗora a kwale-kwalen alumina. Kada ya taɓa gilashin kwatiz kai tsaye, saboda alminiyum yana ƙwace oksijin daga silika ya bar silikon a samfuri. A tanderu mai bututu, a saki agon minti 30 kafin a kunna wuta, sannan a bar shi yana gudana mililita 100 zuwa 200 a minti. A ajiye ɓarɓashin taitaniyam ta gefen da iskar ke shigowa, ya riga samfuri shan ragowar oksijin. A hau da digiri 5 zuwa 10 a minti, kuma kada a rufe agon sai zafi ya sauka ƙasa da 100.

Garin da bai niƙu sosai ba kada a kai shi sama da 660. Ragowar alminiyum zai narke, ya afka wa ƙarfe da zafi mai yawa, a sami Fe2Al5 da FeAl3, haɗe-haɗe masu yawan alminiyum, a wani wuri, ƙarfe zalla a wani, samfuri ya kumbura ya yi ramuka. A inda alminiyum ya taru da girafait kuma ana iya samun Al4C3, kabaid ɗin alminiyum. Shi wannan kabaid yana shan danshi ya saki iskar mitan, shi ya sa wani ƙwayan da ya fito da kyau yake rugujewa ya koma gari bayan 'yan makonni a aljihun tebur. Idan samfuri ya fito da fari-fari ko ja a fuska, iska ta shiga bututu, kuma tana iya ƙone kabon na saman ta bar ciki.

Karanta sakamakon XRD

XRD gwaji ne da ake haska samfuri da hasken X-ray, a sami zane mai tsaunuka a kusurwoyi daban-daban, kowane abu da nasa jerin tsaunuka. Yawancin masu wannan aiki a yankinmu aika samfuri suke yi zuwa Kaduna ko Zariya ko wani wuri, don haka abin da aka rubuta wa mai na'ura yana da muhimmanci. A nemi ya fara daga kusurwar digiri 20 zuwa 100, taki 0.02, a hankali, kuma ya faɗi irin bututun fitar da hasken da ya yi amfani da shi. Hasken bututun tagulla, mai tsawon zango nanomita 0.15406, yana sa baƙin ƙarfe ya yi nasa hasken, ƙasan zane ya tashi ya binne ƙananan tsaunuka. Na kobal, mai 0.1789, ba ya yin haka, kuma shi ya fi dacewa. Idan tagulla kaɗai ke akwai, a roƙi a sa matacin haske a kuma ƙara lokaci. Duk lambobin da ke tafe na tagulla ne.

A garin da ba a niƙa ba, baƙin ƙarfe yana da tsaunuka a 44.7, 65.0 da 82.3. Alminiyum yana da nasa a 38.5, 44.7, 65.1, 78.2 da 82.4. Uku daga cikin biyar sun hau kan na ƙarfe, saboda haka 38.5 da 78.2 kaɗai za su gaya maka ko alminiyum ya ƙare. Yayin da niƙa ke tafiya su biyun za su ɓace, na ƙarfe su yi faɗi, su gajarta, su matsa hagu kaɗan. Matsawar nan ita ce shaidar cewa alminiyum ya shiga, domin ƙwayarsa ta fi ta ƙarfe girma, tana buɗa gefen dunƙulen daga nanomita 0.2866 zuwa wajen 0.29. Tsaunin girafait na 26.5 yana ɓacewa tun awannin farko, amma wannan ba ya nufin kabon ya shiga ƙarfe. Tsarinsa ne kawai ya wargaje har na'ura ta daina ganinsa.

Bayan gashi, idan gefen kappa 0.376 ne, manyan tsaunukanta za su fito wajen 41.6, 48.4, 70.8 da 85.6. Waɗannan kaɗai ba su isa hujja ba, domin ostenait, wato ƙarfe mai irin wannan dunƙule amma ba tare da kowa ya zauna a keɓaɓɓen wurinsa ba, yana ba da jeri mai kama da su, ɗan dama kaɗan. Hujjar kappa tana ƙananan tsaunuka biyu, ɗaya wajen 23.6, ɗaya wajen 33.7. Ba sa fitowa sai alminiyum ya koma kusurwa, ƙarfe ya koma fuska. Akwai ƙarin riba a cikinsu: kabon da ke cibiya yana ɗaga na 23.6, yana danne na 33.7, don haka gwada tsayinsu yana nuna yadda cibiyoyin suka cika. Wanda ya fara zanensa daga digiri 30 ya yanke mafi ƙarfin shaidarsa da hannunsa. A kuma kula, da bututun kobal tsaunin 41.6 yana komawa wajen 48.7, daf da inda na biyu yake a tagulla, kuma rashin sanin bututu ya sa mutane da yawa sun laƙaba wa tsauni sunan da ba nasa ba.

Wuri mafi rikici shi ne 26.6. Abubuwa uku ke taruwa a nan: ragowar girafait, Fe3Al mai cikakken tsari, da yashin hunturu. A rarrabe su da abokan tafiyarsu. Idan akwai wani a 30.9, Fe3Al ne. Idan akwai a 20.9, yashi ne. Idan akwai ƙarami a 54.7, girafait ne. Alumina tana nuna kanta a 25.6, 35.2, 43.4 da 57.5. Cincirindon ƙananan tsaunuka tsakanin 43 da 46 kuwa yawanci Fe3C ne, kabaid ɗin baƙin ƙarfe zalla, alamar cewa alminiyum ya yi ƙaranci a wurin, ko oksijin ya cinye shi.

Girman kiristal ana ƙiyasta shi da lissafin Scherrer: 0.9 sau tsawon zango, a raba da faɗin tsauni a rabin tsayinsa sau kosain na rabin kusurwa. Dole a mai da faɗin zuwa radiyan, a kuma cire faɗin da na'urar kanta ke haifarwa, wanda ake samu daga zanen garin silikon. Misali, tsauni a 44.4 mai faɗin digiri 0.9 bayan cirewa: radiyan 0.0157, kosain na 22.2 shi ne 0.926, amsa kusan nanomita 9.5. Sai dai a garin da aka niƙa, wani ɓangare na faɗin daga murɗewar tsari yake, don haka Scherrer yana ba da lamba ƙasa da gaskiya. Hanyar Williamson da Hall ta 1953 tana raba biyun idan an yi amfani da tsaunuka uku ko fiye. Don sanin kason kowane abu a samfuri sai a yi daidaitawar Rietveld, wato gwada dukan zanen da na lissafi, da manhajoji na kyauta kamar MAUD, FullProf, GSAS-II ko Profex.

Auna kabon da nauyi

Na'urar SEM, madubin ƙara girma mai aiki da ilektiron, za ta nuna siffar gari, kuma idan an binne shi a roba an goge, za a ga hawa-hawan awannin farko da ɓacewarsu daga baya. Ma'aunin EDS da ke jikinta, mai tantance sinadaran da ke cikin samfuri, yana da kyau wajen gwada ƙarfe da alminiyum, amma lambar kabon da yake bayarwa ba abin dogaro ba ce, balle idan a kan salatif ɗin kabon aka barbaɗa garin. Kabon na gaskiya sai da na'urar ƙonawa irin ta LECO, wadda ke ƙone samfuri ta auna iskar da ta fito. A aika mata kashi biyu, na bayan niƙa da na bayan gashi. Idan na farko ya haura 2.99, ƙarin daga maganin mannewa ne ko daga ƙwallaye. Idan na biyu ya faɗi ƙasa da na farko, tanderu ne ya ci.

Garin da aka niƙa yana da tauri, ba ya dannuwa da sauƙi ko da an kai matsin megafaskal 500 zuwa 600. Dunƙule mara rami yana buƙatar matsi da zafi a lokaci guda, wajen digiri 1000 zuwa 1100 da megafaskal 50. Mazubin wannan aiki na girafait ne, shi ma yana ba fatar samfuri kabon, don haka a goge aƙalla rabin milimita daga kowace fuska kafin a auna komai. Nauyin lissafi na Fe3AlC0.5 mai gefen 0.376 ya kama gram 6.26 a kowace santimita kubik (cm³). A gwada na samfuri ta hanyar Arkimidis, wato auna shi a iska da kuma a nutse, a nutsar da shi cikin itanol maimakon ruwa saboda yiwuwar Al4C3, a raba abin da aka samu da 6.26 don sanin yawan ramukan da suka rage. Sauran samfura a zuba su a kwalabe masu silika jel, a naɗe murfin da salatif, a rubuta a jikin kowace awannin niƙa, zafin gashi, da ko an sa sitiyarik asid.